Yawon Keke a Turai: Yadda Ake Samun Keke da Shirya Tafiya daga Passau zuwa Vienna

Tambayoyi uku ne suke yawan zuwa daga ɗalibanmu da ke karatu a Turai da kuma masu shirin zuwa hutu can: shin mutum ya tafi da kekensa daga gida, ko ya saya idan ya isa, ko ya ɗauki haya, nawa abin zai ci, kuma wace hanya ce wanda bai saba da doguwar tafiya a keke ba zai bi ba tare da ya galabaita ba. Zan amsa su da hanya guda, wato hanyar keke da ta bi gaɓar kogin Danube daga garin Passau na Jamus zuwa Vienna, babban birnin Ostiriya, mai tsawon kimanin kilomita 320. Na zaɓe ta ne domin shimfiɗaɗɗiya ce, kusan dukkanta kwalta, mafi yawanta babu mota, kuma da wuya mutum ya yi awa guda bai iske gari ko ƙauye ba. Farashin da zan ambata kiyasi ne na yuro, kuma yana motsi daga shekara zuwa shekara.

1. Takardu da lokacin tafiya

Wanda zai taso daga Najeriya, Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama har da Jamus da Ostiriya, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, tare da inshorar lafiya ta tafiya da ta kai aƙalla yuro 30,000. Ƙa'idar ita ce a nemi bizar a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi kwana a cikinta, kuma a wannan tafiya Ostiriya ce, ko da kuwa jirginka a birnin Munich na Jamus zai sauka. Ka haɗa da jerin garuruwan da za ka kwana da shaidar kama masauki, domin bayanin "zan yi yawo a keke" shi kaɗai ba ya gamsar da jami'in biza.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba. Yuli da Agusta sun fi cunkoso da tsadar masauki, don haka Yuni da farkon Satumba sun fi mini. Gargaɗi: kogin yakan yi ambaliya, kamar yadda ya faru a Yunin 2013 da Satumbar 2024, kuma idan ruwa ya hau akan rufe sassan hanyar. Ka duba hasashen yanayi mako guda kafin ka tashi.

2. Haya, saye, ko zuwa da naka

Tsawon zamanka shi ne ma'aunin. Idan tafiyar ba ta wuce mako biyu ba, ɗauki haya. Idan wata guda ne zuwa sama, ko kai ɗalibi ne mazaunin can, sayi na hannu. Ɗaukar keke a jirgin sama kuwa ba shi da riba sai ga wanda yake da keke mai tsada da aka daidaita da jikinsa, domin kuɗin ɗaukarsa zuwa da dawowa kan kai kuɗin sayen keke mai kyau na hannu, ban da wahalar jan kwali daga filin jirgi zuwa tasha.

Baƙin keken nan namu na gargajiya mai birkin sanda, duk da ƙarkonsa, bai dace da wannan tafiya ba. Yana da nauyi, ba shi da giya, kuma tayarsa mai lamba 28 x 1½ faɗin bakinta milimita 635 ne, alhali tayar inci 28 da ta cika shagunan Jamus da Ostiriya 622 ce. Idan ta fashe a ƙauye, samun madadinta aiki ne.

3. Idan haya za ka ɗauka

A Passau akwai shagunan haya da suka saba da wannan hanya, wasunsu kuma suna yarda ka karɓi keken a Passau ka ajiye shi a Vienna, su kwaso abinsu bisa ƙarin kuɗi. Ka nemi wannan tsarin tun daga gida, kuma ka sa a rubuta maka shi. Keke na yau da kullum yakan kama yuro 15 zuwa 25 a rana, mai batir kuma 30 zuwa 45, sannan kuɗin mako ya fi na rana-rana sauƙi. Ka aika musu da tsayinka a santimita domin su ware maka keke daidai kai.

Kafin ka sa hannu, ka tambayi abu uku: nawa ne kuɗin ajiya, wa zai biya idan aka sace keken, kuma wace lamba za ka kira idan ya lalace a hanya. Ka tabbatar an ba ka kwaɗo, famfo, tib na ko-ta-kwana da jakunkunan da ake ratayawa a kariya. Ka ɗauki hoton keken ta kowane gefe a gaban mai shagon, musamman inda fenti ya goge. Mata masu doguwar riga, da ma mazan da ba su son ɗaga ƙafa ta kan sirdi, su nemi keke marar sanda wanda sarƙarsa take a rufe.

4. Idan saye za ka yi

Ana samun keken hannu a shagunan gyaran keke, da kasuwannin gwanjo na ƙarshen mako, da kuma shafukan saye da sayarwa: Kleinanzeigen a Jamus, willhaben a Ostiriya, Marktplaats a Holan. Da yuro 100 zuwa 250 ana samun keken da zai kai ka Vienna lafiya. Na shago ya ɗan fi tsada, amma an duba shi kuma za a ba ka rasit.

Ga yadda ake duba shi. Ka ɗaga gaban keken ka juya wili, ka sa ido a tsakanin ƙarfen wilin da robar birki. Idan yana lilo yana gogar robar, wilin ya karkace. Ka yi haka da na baya. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, idan ka ji ƙwas-ƙwas a wuyansa, ya saki. Ka kama feda ka jijjiga ta gefe da gefe. Ka bi duk inda aka yi walda da ido da yatsa, domin tsagewa a jikin keke ba ta gyaruwa da araha. Daga nan ka hau, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya kana taka feda da ƙarfi. Sarƙar da take tsalle alama ce ta cinyewar haƙora, kuma canza su zai ƙara maka yuro 40 ko fiye.

Gargaɗi mai nauyi: satar keke ta yi yawa a biranen Turai, kuma sayen kayan sata laifi ne da zai iya shafar takardun zamanka. Wanda ya tare ka a bakin tasha da keke mai sheƙi yana neman yuro 30, ka wuce abinka, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kowane keke yana da lamba da aka buga a jikinsa, galibi a ƙasa inda fedoji suka haɗu. Idan an kankare ta, kada ka saya. Ku rubuta 'yar takardar ciniki mai ɗauke da lambar, da farashi, da sunan mai sayarwa kamar yadda yake a katin shaidarsa, ku sa hannu ku biyu. A Holan har akwai rajistar kekunan da aka sace, wadda kowa zai iya dubawa a intanet da wannan lamba.

5. Idan da naka za ka zo

Ka sanar da kamfanin jirgi tun lokacin sayen tikiti, domin wasu suna ƙidaya keke a cikin kayanka na kilo 23, wasu kuma suna karɓar kuɗi dabam, daga kimanin yuro 50 zuwa 150 a kowace tafiya. Idan za ka canza jirgi zuwa na wani kamfani a hanya, ka tambayi ƙa'idar kowannensu. Keke mai batir ba ya shiga jirgin fasinja, saboda iyakar batirin da aka yarda da shi 160Wh ne (Wh ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka ne), na keke kuwa yakan kai 400 zuwa 700.

Ka nemi kwalin da sabon keke ya zo a ciki wurin dillalan kekuna. Kayan aikin su ne alanki mai lamba 4, 5 da 6, sifana mai lamba 15, salatif mai faɗi da tsummoki. Tun kwana biyu kafin tafiya ka fara, kuma da fedoji za ka fara, domin su ne suke ƙin kwancewa. Fedar dama tana kwancewa kamar kowane noti, amma ta hagu zarenta a juye yake, ta hannun agogo ake kwance ta. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta ƙara ɗaure ta har ya cinye zaren. Ka naɗa salatif a sandar sirdi daidai inda ta shiga domin ka gane tsayinsa, sannan ka zare shi. Ka cire wilin gaba, ka sa guntun katako tsakanin ƙafafun da suka riƙe shi don kada a danne su su haɗe. Ka kwance kan keken ka ɗaure shi a jikinsa ba tare da ka cire wayoyin birki ba. Ƙarfen canza giya na baya shi ya fi saurin lanƙwashewa, ka kwance shi ka naɗe da tsumma. Ka rage iskar tayoyi, ka tara ƙananan notuna da fedoji a leda guda ka manna ta a jikin keken, kada ka sake su a cikin kwali su zube ta ramin hannu.

Kayan aikin su shiga cikin kwalin, domin za a ƙwace su idan suna jakar hannu. A filin saukarka kwalin ba zai fito tare da akwatuna ba, yana fitowa ta ƙofar manyan kaya. Ka buɗe shi nan take. Idan akwai ɓarna, ka kai rahoto a teburin kaya kafin ka fita, kuma ka aika da ƙorafi a rubuce cikin kwana 7.

6. Daidaita keke da gwada jiki

Abin da ya fi katse wa mutane tafiya a rana ta uku shi ne ciwon mazauni da na gwiwa, kuma duka biyun daga sirdi suke. Ka zauna, ka ɗora diddigenka a kan feda tana ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Yawancinmu mun saba da sirdi a ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa muna zaune, wanda hakan yake cin gwiwa a doguwar tafiya. Wando mai soso na 'yan keke, wanda za a iya sawa a ƙarƙashin wando na yau da kullum, ya cancanci kuɗinsa.

Ka gwada birki kafin ka shiga titi. A Jamus da Ostiriya hannun dama yawanci na baya ne, a Ingila kuwa na gaba ne, kuma kekuna da yawa a Jamus da Holan birkinsu na baya a feda yake, sai an mayar da ita baya yake kamawa. Ka duba bawul ɗin tayarka ma, domin iri uku ne, ka tabbatar bakin famfonka ya dace da shi. Wata guda kafin tafiya ka riƙa hawa sau uku a mako, har ka iya yin kilomita 40 yau ka sake yi gobe.

7. Kayan da za ka ɗauka

Jaka biyu a kariya da ƙarama a gaba sun isa, kuma kada nauyin ya wuce kilo 10 zuwa 12. Kada ka goya jaka a baya. Kayan sawa kala biyu na hawa da ɗaya na yamma, rigar ruwa ta gaske, rigar sanyi mara nauyi, gorar ruwa biyu, kayan faci, hular kwano, da 'yar dadduma mai naɗewa. Duk abin da ba ya son ruwa ya shiga leda kafin ya shiga jaka. Mai hijabi ko jallabiya ya tattare gefen tufafin, domin wayoyin wilin baya suna kama duk abin da yake lilo.

8. Dokokin hanya

Ana tafiya ta hannun dama kamar a Najeriya da Nijar, amma iyakar kamannin ke nan, domin ɗan keke a can direba ne a idon doka kuma ana cin sa tara. A Jamus riƙe waya a hannu kana tuƙi yuro 55 ne, ƙetare jar danja kuma daga yuro 60 zuwa sama. Dole keke ya kasance da farar fitila a gaba, ja a baya, ƙararrawa da birki biyu. Allo mai shuɗin da'ira da hoton keke yana nufin wajibi ne ka bi hanyar keke, ka bar wa motoci titi. Babban mutum ba ya hawa keke a hanyar masu tafiya a ƙasa sai in allo ya halatta. A mahaɗar da babu allo ko danja, wanda ya fito ta damanka shi ne da hanya, ko da lungunsa ya fi naka ƙanƙanta. Wannan ita ce dokar da baƙi suka fi mantawa. Ka miƙa hannu kafin ka karya kwana, ka kaɗa ƙararrawa kafin ka wuce wani ta hagunsa, kuma kada ka tsaya cak a tsakiyar hanya don ɗaukar hoto. A Ostiriya hular kwano dole ce ga yaro ɗan ƙasa da shekara 12. A cikin Linz da Vienna ka kula da layin jirgin cikin gari, ka ƙetare shi a gicciye, in ba haka ba taya ta faɗa ramin ƙarfen ta kayar da kai. Lambar gaggawa 112 ce.

9. Raba hanyar zuwa zango-zango

Ka bi ruwa, wato daga Passau zuwa Vienna, domin ƙasar tana gangarawa a hankali ta wannan fuska kuma iska ta fi kaɗawa daga yamma, tana tura ka. Mai kaya yakan yi kilomita 14 zuwa 16 a awa, don haka zangon kilomita 45 tafiyar awa uku ce, sauran yinin na hutawa da kallo. A kan alluna za ka ga sunan hanyar an rubuta shi Donauradweg, na kogin kuma Donau, na Vienna kuwa Wien. Ka sauke taswira a waya ta manhajar Komoot ko OsmAnd domin ta yi aiki ba tare da intanet ba.

Rabon da nake ba mai farawa na kwana 7 ne. Passau zuwa Schlögen kimanin kilomita 40, inda kogin ya yi wata lanƙwasa har ya kusa komawa inda ya fito. A nan hanyar gaɓar arewa take yankewa, sai a shiga ƙaramin jirgin fito na 'yan keke a haye. Schlögen zuwa Linz kimanin 55. Linz zuwa Grein kimanin 60, shi ne zango mafi tsawo, kuma a kan hanyarsa Mauthausen yake, inda sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi ya zama wurin tunawa. Yana kan tudu mai wuyar hawa, wanda zai ziyarce shi ya ware masa rabin yini. Daga Grein ka haye zuwa gaɓar kudu, domin ta arewa tana manne da babban titi har kusa da Ybbs, ka kwana a Melk bayan kimanin kilomita 47. Melk zuwa Krems bai kai 40 ba, amma kada ka haɗa shi da wani zango, domin nan ne kwarin Wachau da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, hanyar tana ratsa gonakin inabi da ƙauyukan Spitz da Dürnstein masu matsattsun lunguna. Krems zuwa Tulln kimanin 45, Tulln zuwa Vienna kimanin 38.

Jiragen fiton nan ba sa aiki da dare kuma yawancinsu na bazara ne kawai, kuɗinsu 'yan yuro kaɗan, a hannu ake biya. Ka san lokacin tashin na ƙarshe tun da safe, domin gadar da za ta fisshe ka tana iya zama kilomita 15 a gaba. Idan ka zauna a ciyawa, ka duba jikinka da dare, saboda kaskar yankin tana ɗauke da cuta.

10. Masauki, abinci da salla

Ƙananan masaukai masu haɗa karin kumallo sukan kama yuro 45 zuwa 80 ga mutum ɗaya, gidajen kwanan matasa sun fi araha, filin kafa tanti kuma yuro 10 zuwa 20. Kafa tanti a inda aka ga dama haramun ne a dokar yawancin yankin. Masaukin da ke da alamar Bett+Bike ya yi alkawarin karɓar baƙon dare ɗaya da kulle masa keke a ɗaki. A ko'ina ka sauka, kada keke ya kwana a waje, kuma da rana ka ɗaure jikinsa da ƙarfen da yake kafe, kada ka ɗaure wili kaɗai.

Kantuna irin su Billa, Spar da Hofer a rufe suke ranar Lahadi, don haka guzurin Lahadi ranar Asabar ake sayensa. Ruwan famfo ana sha, sai inda aka rubuta Kein Trinkwasser. Naman alade ya cika abincin yankin, ka haddace kalmomin Schwein, Schinken, Speck da Schmalz ka guje su, kuma ka tambaya game da miya ko da ba ka ga nama a ciki ba. A Passau, Linz, Krems da Vienna akwai shagunan Turkawa masu naman halal; a ƙauyuka kifi, ƙwai, cuku da burodi su ne mafita. Yuro 20 zuwa 30 a rana sun ishi wanda yake cin rana daga kanti. Alƙibla tana kudu maso gabas, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai, saboda haka ka sa jadawalin salla na garin a waya. Masallatai suna manyan garuruwa, babban masallacin Vienna da aka buɗe a 1979 ma yana bakin kogin ne, a unguwar Floridsdorf.

11. Keke a jirgin ƙasa da rufe tafiya

Daga Munich jirgin ƙasa na yanki yana kai wa Passau cikin awa biyu da 'yan mintuna. Keke yana da nasa tikitin dabam da naka, kuma taragon da aka zana wa hoton keke shi ake shiga. A jiragen yanki ba a kama wuri, wanda ya riga shi ya samu, amma a masu dogon zango irin su Railjet da ICE dole ne a kama wa keke wuri tun da wuri, in ba haka ba mai duba tikiti zai bar ka a tasha. Ka cire jakunkuna kafin jirgi ya iso, domin tsayuwarsa minti ɗaya ko biyu ce.

Idan na haya ne, ka mayar da shi cikin lokacin aikin shago, ka tsaya a duba shi a gabanka, ka karɓi shaidar mayarwa da kuɗin ajiyarka. Idan saye ka yi kuma gida za ka koma, ka sa tallarsa a willhaben tun kana Krems, da hoto da farashin da ya ɗan yi ƙasa da yadda ka saya, ka miƙa wa mai saye takardar cinikin farko. Wanda ya zo da nasa kuwa ya kira shagon keke a Vienna kwana uku kafin isowarsa ya roƙi a ajiye masa kwali, domin kwalin da ya zo da shi yana can Munich, kuma ya ware yini guda cur don ɗaurewa kafin ranar jirgi.